Kafin Ka Hau Dutse, Ka San Ta Inda Za Ka Sauko

Ɗana, 'yata, akwai wata al'ada da ta shigo tsakanin matasanmu na Danja da Dabai da Tandama a 'yan shekarun nan, kuma ni dai ban ga aibunta ba. Da an yi Sallah da kwana biyu, ko makarantu sun ba da hutu, sai ku haɗa kuɗi ku ɗauki shatar mota, ku bi ta Hunkuyi ku nufi Zariya hawan Kufena, ko ku yi yamma wajen duwatsun da ke kewayen Funtuwa. Masu ɗan hali har Kano suke kaiwa, su taka Dala su leƙa Gwauron Dutse. Saurayin da ya zaɓi ya yi gumi a kan dutse ya fi mini wanda ya wuni a majalisa yana latsa waya, nesa ba kusa ba. Don haka ku kwantar da hankalinku, ba hana ku zan yi ba. Na daɗe ina raka ɗalibai irin wannan fita lokacin da nake koyarwa, kuma kurakuran wancan zamani su ne dai nake gani yau, sai dai an ƙara musu waya mai kyamara.

Mu mutanen fadama ne. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ta rake da tumatir da masara. Yaron da ya tashi a nan ya san laka, ya san jan tiyo daga injin ban-ruwa, yana iya saɓa damin rake ya kai shi bakin titi bai ajiye ba. Ƙarfi kam akwai shi. To amma ƙafarsa ba ta san dutse ba, kuma ƙarfin nan shi ke ruɗinsa, domin yakan kai shi ƙololuwa tun kafin ya tambayi kansa yadda zai dawo. Duk shirin da nake ji kuna yi na hawa ne: wa zai riga wa, ina za a tsaya a yi hoto. Alhali mafi yawan waɗanda na ga an sauko da su a kafaɗa, a hanyar dawowa abin ya same su.

Akwai dalili. Manyan duwatsun ƙasarmu, irin su Kufena da Kwatarkwashi da Zuma da ke jikin takardar naira 100, mulmulallu ne. Samansu a ɗan baje yake, gefensu kuwa ƙara miƙewa yake yi yayin da ake gangarowa. Mai hawa yana fuskantar dutsen, yana ganin inda zai sa ƙafa da inda zai dafa. Mai sauka kuwa dutsen ya lanƙwashe ya ɓuya a ƙarƙashinsa, 'yan taku kaɗan yake gani, sauran sai ya je. Yakan fara a wuri mai sauƙi, gangaren na ƙaruwa bai lura ba, har ya kai inda gaba ta gagara, baya ma ta gagara. A lokacin kuma cinyoyi sun gaji, su ne kuwa ke tare nauyin jiki a kowane takun sauka. Gwiwa ta fara rawa, ruwa ya ƙare, hankali ya riga ya koma gida. Bugu da ƙari, rana da ruwan sama sun shekara aru-aru suna ɓare bayan dutsen, sun bar ɓawo da ƙananan tsakuwa a kai. Wanda ya taɓa taka waken suya da ya zube a kan siminti ya san abin da tsakuwar nan ke yi wa mai gangarowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na zagaye. An hau ta gabas, an huta, an ci guzuri, sai wani ya miƙe ya ce, "Kai, mu sauka ta can mana mu ga sabon wuri, ai ga motarmu can ina hangowa." Hangen Dala ba shiga birni ba. Zagaye yana da daɗi, a hau ta nan a ɓulla ta can, a ga fuska biyu ta dutse a fita guda. Amma yana da sharaɗi: a cikinku a samu wanda ya taɓa bin hanyar saukar da ƙafarsa, kuma ba da daɗewa ba. In babu shi, ta inda aka hau ta nan ake sauka.

Na taɓa ganin wani saurayi, ƙaƙƙarfa ne kuwa, ya yanke ya bar abokansa don ya riga su isa ƙasa. Muka same shi zaune a tsakiyar wani falalen dutse mai santsi, ya kafa dugadugansa, tafukan hannunsa biyu manne da dutse ta bayansa, silifas ɗaya ya riga ya gangara. Ƙafarsa ta dama sai karkarwa take yi, ya kasa tsayar da ita. Abokansa na sama suna ta ihu, wannan ya ce ya yi hagu, wancan ya ce ya zamo kawai. Wani yaro makiyayi da bai kai shi shekaru ba ne ya zo ya ce kowa ya yi shiru. Ya sa shi ya cire ɗayan silifas ɗin, ya juya a hankali ya fuskanci dutsen, suka bi wata 'yar tsaga a kaikaice, yaron na gaba yana nuna masa inda zai sa yatsun ƙafa. Tazarar ba ta fi tsawon ɗaki biyu ba, amma sai da ta ci kusan rabin sa'a. Da ya taka ƙasa bai ce wa kowa uffan ba, ya nemi gindin bishiya ya zauna.

Abin da yaron nan ya yi shi ne ƙa'idar. Inda wuri ya miƙe, a fuskanci dutse a sauko da baya. Cikin hannu biyu da ƙafa biyu, uku su kasance a dafe kafin a motsa na huɗun. Taku ya zama gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kuma ba a gudu ko da wuri ya yi kama da mai sauƙi. Tun a hawa, in ka zo wuri mai wuya, ka hau taku uku ka gwada sauko su. In sun ba ka wahala kana da sauran ƙarfinka, to ka san yadda za su yi maka bayan ka gaji. Ka riƙa waiwaye, domin hanya tana sauya kama in an juyo. Ka riƙe alama: ga gamjin da ya tsiro a tsaga, ga dutsen da ya rabe biyu. Da kun ɓulla sama, kafin kowa ya watse, ku ɗauki hoton daidai inda kuka fito, saboda a can kowane gefe kama yake da ɗan'uwansa.

Kafin duk wannan akwai sallama. Kowane dutse yana da mutanensa. Ku tsaya a ƙauyen da ke gindinsa ku gai da mai unguwa, ku faɗi ko ku su wane ne, daga ina kuke, me ya kawo ku, yaushe za ku sauko. Matambayi ba ya ɓata. Mafarauci da makiyayi da matan da ke zuwa itace sun san inda zuma ta yi saƙa, sun san ranar da masu fasa dutse ke sa nakiya, sun san ramin da aka haƙa ya tara ruwa mai zurfi. In sun haɗa ku da yaro ya raka ku, ku karɓa, ku kuma sallame shi da abin kirki.

A zamanin nan maganar ta wuce ladabi kawai. Kun san halin da yankinmu ya shiga, kuma tun sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 babu mai buƙatar a yi masa dogon bayani. Akwai duwatsu ta wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, da na kan hanyar Gusau, waɗanda komai kyansu ba a zuwa yawo sai mutanen wurin da jami'an tsaro sun ce an samu lafiya. Ko a inda ake zaune ƙalau, ayarin baƙin samari a kan dutse suna hangen gari abin tayar da hankali ne ga wanda bai san da zuwansu ba. 'Yan sintiri da rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Katsina ta kafa a 2023 aikinsu ke nan, su binciki abin da ba su gane ba. Gaisuwar minti goma ta raba ku da wannan. A gida ma ku faɗi gaskiyar inda za ku. Wanda ya ce wa mahaifiyarsa Bakori zai je ɗaurin aure alhali Kufena ya nufa, in wani abu ya faru, a Bakori za a neme shi.

Sai maganar lokaci. Masu hawan manyan tsaunukan duniya tun suna ƙasa suke yanke sa'ar juyowa: in ta cika, ko an kai ko ba a kai ba, a juyo. A watan Mayun 1996 mutum 8 suka rasu a tsaunin Everest, mafi tsawo a duniya, cikin guguwa guda. Da yawa daga masu hawan ranar sun wuce sa'ar da aka saba juyowa, wajen ƙarfe 2 na rana, saboda sun ga ƙololuwa ta kusa, sai guguwa da dare suka riske su a hanyar sauka. Cikin mamatan har da ƙwararrun jagorori. Duwatsunmu ba su kama ƙafar wancan ba, amma "saura kaɗan" ɗin da ta yaudare su ita ce dai ke yaudararku. Mu da lokutan salla muke auna wuni, to ku yi amfani da su. Ku bar gida da an idar da Asuba, ku fara hawa kafin hantsi ya dubi ludayi, Azahar ta same ku a ƙasa. In fitar yamma ce, ku zaɓi ƙaramin dutse, ku juyo rana na da sauran tsawo. A ƙasarmu duhu ba ya jira. Rana na faɗuwa, kafin rabin sa'a ba ka ganin ƙafarka, fitilar waya kuwa hannu ɗaya take cinyewa a daidai lokacin da kake buƙatar biyu.

Cikin shekara, daga kaka zuwa tsakiyar hunturu ya fi dacewa, ko da yake hazo kan rage hangen nesa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan kai digiri 40, dutse ya sha rana har tafin hannu ba ya iya zama a kansa. Ku tambayi alhazanmu da suka hau Jabalun Nur a Makka don ganin Kogon Hira, za su gaya muku masu wayo ba sa tunkararsa da tsakar rana. Da damina kuma gansakuka ke mulki. Baƙin layin nan da ruwa ke bi a jikin dutse santsi ne ko da ido ya ce ya bushe. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, galibi da yamma, kuma ya fi ka sauri. Mutum a saman dutse shi ne abu mafi tsawo a wurin, aradu kuwa irinsa take nema. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga: kowace daƙiƙa 3 kafin ka ji tsawa kusan kilomita 1 ce tsakaninku. In ba ka kai 30 ba, ka kama hanyar ƙasa, kuma kada ka fake a gindin bishiya tilo ko a bakin kogo.

Ledar ruwa rabin lita ce. A lissafa wa kowa aƙalla guda a kowace sa'a, biyu in ana zafi, kuma da an sha rabin abin da aka zo da shi, lokacin juyowa ya yi. Lemon kwalba da abin sha mai sa kuzari ba sa tsaya wa ruwa. Ƙwaya kuwa, irin su tramadol da wasu ke haɗiya wai don kada su ji gajiya, tana kawo jiri, tana kuma iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Ku auna abin da hakan ke nufi a bakin gangare. In abokinku ya fara kukan ciwon kai, ko jiri, ko tashin zuciya, ko jijiyar ƙafa na ɗaure masa, ku kai shi inuwa, ku sassauta masa tufafi, ku jiƙa masa jiki, ya riƙa kurɓar ruwa. Ruwan gishiri da sukari ya fi: lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya fara sambatu ko ya daina gane mutane, sai asibiti, ana jiƙa shi a hanya. Mai sikila da mai asma da mai farfaɗiya su nemi shawarar likita, su kuma faɗa wa abokan tafiya. Babu abin kunya a ciki, kuma ƙishirwa da wahala suna tayar da sikila.

Takalmi mai igiya, mai ƙasan roba da ke kama dutse, ko na gwanjo ne ya wadatar. Silifas da takalmin Sallah a bar su a mota. Kaya su shiga jakar goyo, hannu biyu su zauna a sake. 'Yata, ke ma kina da rabo a wannan, da izinin iyaye da rakiyar wani babba na gida. Ki dai lura da doguwar riga da hijabi mai jan ƙasa, domin a sauka ko ke ki taka bakinsa ko wadda ke bayanki ta taka. Ki sa wando mai kauri a ciki da hijabin da ya tsaya a gwiwa, sutura ta cika, ƙafa kuma ta samu sakewa.

Dutse gidan wasu ne. Kububuwa da kasa da gamsheƙa suna son tsaga da ƙarƙashin faifan dutse, haka ma kunama. Kada ka sa hannu inda idonka bai gani ba. Ka riƙe sanda kana bugun ciyawa a gabanka. In tsautsayi ya sa an yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafin maciji. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum na hira kamar babu komai, sai bayan sa'o'i jini ya fara fita ta dasashi. Saboda haka ba a cewa bari mu gani. Zuma kuma ba ta son jifa da hayaniya da turare mai ƙarfi. In ta taso, ka rufe fuska da riga ka bar wurin ta hanyar da ka sani, domin tsalle a gangare ya fi harbinta haɗari.

Addininmu ya koyar da cewa ko mutum uku ne za su yi tafiya, su naɗa ɗaya shugaba. Ku zaɓi mai sanyin kai, ko da wani ya fi shi baki. Marar ƙarfi ya bi bayan jagora, ƙaƙƙarfa ya rufe baya, a tafi da takun wanda ya fi kowa rauni. Sannu ba ta hana zuwa. Kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin mai hawa, wanda kuma ya tuntsuro dutse ya ɗaga murya nan take. A ƙirga kai a ƙasa, a ƙirga a sama, a sake ƙirgawa kafin mota ta tashi. Wanda ya ce ya gaji ko tsoro ya kama shi, kada a yi masa dariya, kada kuma a bar shi shi kaɗai. "Kai ba namiji ba ne?" ta karya ƙafafu da yawa. Ɗana, in kai aka ce wa haka, ka tuna da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka ma wajen hoto. Wani bincike da likitoci a Indiya suka buga a 2018 ya ƙirga mutum 259 da suka mutu a duniya suna ɗaukar hoton kansu tsakanin 2011 da 2017, galibinsu matasa, wasu a ruwa, wasu a faɗowa daga bisa. Mai kallon waya ba ya kallon ƙafarsa. Ka zauna ko ka kafa ƙafa nesa da baki sannan ka ɗaga waya, kuma kada ka ja da baya don hoto ya yi kyau.

Ku tuna wasu sun riga ku zuwa. Kakanninmu a kan duwatsu da gindinsu suka kafa garuruwa saboda tsaro. Kano a Dala ta fara tun kafin zamanin Barbushe, sarautar Zazzau ta zauna a Turunku kafin ta dawo Zariya. In kun lura za ku ga ramukan niƙa, sumul, waɗanda hannun mata ya ɗauki ƙarnuka yana zurfafawa, da tsingaron tukwane a cikin ƙasa. A Birnin Kudu ta Jigawa har zanen shanu na mutanen da akwai a Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Wanda ya zo da fenti ya rubuta sunansa a kan irin wannan ya ɓata abin da ba zai iya gyarawa ba. Ku dawo da ledojinku, tumaki na cinye su su mutu. Da kaka guntun sigari ɗaya ya isa ya cinye harawa da damman dawar wani bawan Allah. Gonar da ke gindin dutse kuwa ku bi gefenta. Ku da kuka san zafin a karya muku rake ba kwa buƙatar a gaya muku.

In Allah ya kai ku sama, bayan an gama hoto ku zauna ku duba da kyau. Ku manoma ne ko 'ya'yan manoma. Daga can ake ganin hanyar da ruwa ke bi, da inda kwazazzabo ya fara cin gona, da koren layin fadama a tsakiyar rani, da inda ɗorawa da kaɗanya suka yi saura da inda gatari ya share, da yadda gari ke lashe gonakin kewayensa. Gani ya kori ji. Wanda ya ga wannan da idonsa ba sai malamin gona ya roƙe shi ya yi kunya a gicciyen gangare ko ya dasa bishiya a iyakar gonarsa ba.

Ku fara da ƙananan duwatsun kusa, ku maimaita su har ƙafa ta saba. Daga nan akwai duwatsun Shere a Jos, akwai kuma Chappal Waddi a gandun Gashaka Gumti na Taraba, mai mita 2,419, wanda babu kamarsa tsawo a Nijeriya, kuma sai da jagora da shirin kwanaki. Ina fatan in ji ɗan Danja ya taka shi. Amma kowace fita, babba ko ƙarama, ku zauna tun da dare ku amsa tambaya huɗu: wa ya san hanyar sauka, ƙarfe nawa za a juyo, ruwa nawa kowa ya riƙe, wa aka gaya wa a gida da a gindin dutsen. In ɗaya ta rasa amsa, ku ɗaga tafiyar zuwa wani mako, dutsen ba inda za shi. Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.